Fim ɗin mutumin da gaɓoɓi ke tsirowa a cikinsa: ina kimiyya, ina fasaha?

Tambaya: Malam, na kalli Crimes of the Future na 2022 tare da wani abokina. Da ƙyar na kai ƙarshe, zuciyata sai tashi take yi. Shi ya ce fim ne mai zurfi, ni kuwa ban ga komai ba sai yanka da jini. Shin da gaske jikin mutum zai iya sauyawa haka, har ya tsiro da sabbin gaɓoɓi ko ya narkar da roba? Kuma ta yaya tiyata za ta zama fasaha?

Amsa: Ɗan'uwa, tashin zuciyar da ka ji ba abin kunya ba ne. Na shafe shekaru ina koyar da ɗaliban likitanci sassan jikin mutum a kan gawa, amma akwai wurare biyu a wannan fim da sai da na kau da kai. Abokinka ma bai yi ƙarya ba. Akwai abu a ƙarƙashin jinin nan, sai dai daraktan bai sauƙaƙa wa mai kallo hanyar kai wa gare shi ba. Wanda bai kalla ba ya sani zan faɗi yadda labarin ya ƙare, domin ba za a iya amsa tambayarka ba sai da ƙarshen.

David Cronenberg ne ya rubuta ya kuma ba da umarni. Ɗan Kanada ne, an haife shi a Toronto a 1943, ya fara karatun kimiyya a jami'a kafin ya koma adabi, kuma wannan fari na kimiyya bai taɓa barin finafinansa ba. Yana da shekara 79 aka nuna fim ɗin a bikin Cannes na ƙasar Faransa a watan Mayun 2022. Ya rubuta labarin tun ƙarshen shekarun 1990, ya ajiye shi fiye da shekara 20. Yana da wani tsohon fim na 1970 mai wannan suna, amma labarinsu ba ɗaya ba ne, kada a rikita. A Atina, babban birnin Girka, aka ɗauka, shi ya sa kake ganin tsofaffin gine-gine masu ɓare-ɓaren fenti da jiragen ruwa da suka yi tsatsa a bakin teku.

Bari in tuna maka ƙashin bayan labarin, don na lura mutane da yawa jini ke ɗauke musu hankali su rasa zaren. A duniyar fim ɗin, yawancin mutane sun daina jin ciwo, kuma rauni ya daina ruɓewa. Saul Tenser, wanda Viggo Mortensen ya fito a matsayinsa, yana da wata lalura da ke sa sabbin gaɓoɓi tsirowa a cikinsa, waɗanda ba wanda ya san aikinsu. Abokiyar aikinsa Caprice, wato Léa Seydoux, tsohuwar likitar fiɗa ce. Tana yi wa gaɓar jarfa tun tana cikin jikinsa, sannan ta ciro ta a gaban 'yan kallo da wata na'ura da asali aka ƙera don binciken gawa. Gwamnati na da wani ɗan ofishi na rajistar sabbin gaɓoɓi, inda Timlin, wato Kristen Stewart, ke aiki. A ɓoye kuma Saul ɗan rahoton 'yan sanda ne. Can gefe akwai wata ƙungiya ƙarƙashin Lang Dotrice, waɗanda suka sa aka yi wa hanjinsu tiyata don su iya cin roba da dagwalon masana'antu. Ɗan Lang, yaro Brecken, an haife shi da wannan baiwa ba tare da tiyata ba. Shi ne yaron da ka gani a farko yana gatsar kwandon shara a banɗaki, wanda uwarsa ta danne da matashin kai.

To, ga kimiyyar. Zan fara da abin da Cronenberg ya yi daidai, don ya nuna ya san tarihin aikinmu. Abubuwa biyu ne suka tsare hannun likitan fiɗa tun fil azal: zafi da ruɓewar rauni. Sai a 1846 aka nuna a bainar jama'a a Boston ta Amurka cewa za a iya sa mutum barci a yi masa aiki bai ji ba, sai kuma a 1867 Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a rauni. Kafin nan, buɗe cikin mutum kusan hukuncin kisa ne. Fim ɗin ya cire waɗannan shingaye biyu gaba ɗaya, sannan ya tsaya yana kallon abin da mutane za su yi. Amsarsa ita ce za su fara yanka juna a lungu don neman jin wani abu, ko mene ne.

Amma rashin jin ciwo ba ni'ima ba ce, kuma wannan mun san shi a zahiri. Akwai mutanen da ake haifa ba sa jin zafi sam. A 2006 masu bincike daga Jami'ar Cambridge suka bayyana wasu iyalai a arewacin Pakistan masu wannan hali, suka gano cewa matsalar na cikin ƙwayar gado guda ɗaya mai suna SCN9A, wadda jijiyoyin jin zafi ke dogaro da ita wajen aika saƙo. Abin da ya kai su ga iyalan shi ne labarin wani yaro da ke wasa a titi, yana soka wuƙa a hannunsa, yana taka garwashi, jama'a na taruwa suna kallo. Yaron bai yi tsawon rai ba, ya rasu bayan ya diro daga saman gida. Sauran yaran da aka duba kuwa duk sun tattaune leɓe ko harshe tun suna ƙanana, wasu sun karye ba su sani ba. Haka likita Paul Brand ya nuna a Indiya cewa yawancin gutsurewar yatsun masu kuturta daga rashin jin ciwo yake zuwa: mutum ya ƙone ko ya taka ƙusa bai ji ba, raunin ya ci gaba. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma ciwo ne bakin da yake magana da shi. Al'ummar da ta rasa shi ba za ta yi tsawon ran da za ta buɗe gidajen kallo ba. Ka riƙe labarin yaron nan na Pakistan, zan dawo kansa.

Sabbin gaɓoɓi fa? A jikin babba, a'a. Gaɓoɓinmu suna ginuwa ne a ciki, galibi daga mako na 3 zuwa na 8 bayan shigar ciki, bisa wani tsari da ƙwayoyin halitta ke bi suna yi wa juna ishara. Gaɓa tana bukatar jijiyar da za ta kawo mata jini, da wadda za ta kwashe, da hanyar fitar da abin da ta sarrafa. Hanta na iya mayar da abin da aka yanke mata. Aƙalla mutum 1 cikin 10 yana da 'yar ƙaramar saifa ta biyu bai sani ba. Akwai ma wani irin ƙari da ake buɗewa a tarar da gashi da haƙora a ciki. Duk waɗannan maimaici ne na abin da jiki ya riga ya sani, ko kuma rikicewarsa. Idan aka kawo mini mutum yau da sabon tsiro a ciki, sunan farko da zan ba shi ƙari, kuma zan ce a cire a auna.

A nan ne fim ɗin ya taɓa ni a inda ban zata ba. Caprice ma ƙari take ɗaukar abin da ke tsirowa a cikin Saul, shi ya sa take cirewa. Mutanen Lang kuma suna ganin waɗannan gaɓoɓi sassa ne na wani sabon tsarin narkar da abinci da ke ƙoƙarin haɗuwa, ana katse shi tun bai kammala ba. Mai koyar da sassan jiki ba zai raina wannan gardama ba, domin mun taɓa yin irin wannan kuskure. Akwai wata gaɓa a bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, babba ce a jarirai, tana shanyewa idan an girma. Likitoci sun daɗe ba su san amfaninta ba. A farkon rabin ƙarni na 20 an yi ta haska wa jarirai hasken radiyeshan a ƙirji don a rage girmanta, bisa zaton ita ke toshe musu numfashi, alhali girmanta na lafiya ne. Daga baya wasu daga cikin yaran nan suka kamu da sankarar tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya. Sai a 1961 Jacques Miller ya nuna cewa garkuwar jiki na dogaro da ita. Gaɓa ɗaya da aka ciro aka ajiye a faranti ba ta faɗa maka komai game da aikinta. Sunan da aka ba ta shi ke yanke abin da za a yi mata, kuma mai ba da sunan yana iya kuskure. A ganina wannan shi ne zuciyar fim ɗin, zan kuma komo kanta.

Batun roba ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda kake zato, ta fuska ɗaya. Wata biyu kafin a nuna fim ɗin, a watan Maris na 2022, masu bincike a Amsterdam ta ƙasar Holan suka ba da rahoton samun ɓurɓushin roba a jinin mutum 17 cikin 22 da suka auna. Kafin nan an same shi a mabiyiyar mata masu haihuwa a Italiya. Duniya na ƙera roba kimanin tan miliyan 400 a shekara. Cin roba dai muna ci, narkarwa ce ba mu yi. Akwai halittar da ke narkarwa: a 2016 masana a Japan suka bayyana wata ƙwayar bakteriya, Ideonella sakaiensis, da aka samo kusa da wurin sake sarrafa gorunan roba a garin Sakai. Tana fitar da sinadarai biyu da ke warware robar da ake yin gorar ruwa da ita, amma sai ta yi kusan mako 6 kafin ta cinye ɗan siririn fefe. Ga kuma abin da fim ɗin bai faɗa ba: ɗaya daga cikin abubuwan da wannan roba ke warwarewa ta koma shi ne sinadarin da ake zubawa a lagireton mota don hana ruwa daskarewa, wanda guba ne mai kashe ƙoda. Mutumin da zai ci roba ya rayu yana bukatar sabuwar hanta da sabuwar ƙoda, ba sabon hanji kaɗai ba. Ko ciyawa ma ba mu iya narkarwa, saniya da kanta ƙwayoyin da ke tumbinta ne ke yi mata aikin. Idan wani abu makamancin wannan zai taɓa faruwa, ta ƙwayoyin hanjinmu zai biyo. A 2010 an nuna cewa wasu ƙwayoyin hanjin mutanen Japan sun ari dabarar narkar da ganyen teku daga ƙwayoyin da ke rayuwa a cikin teku.

Babban kuskuren kimiyya a fim ɗin shi ne Brecken. An yi wa uba tiyata, sai aka haifi ɗa da sakamakon tiyatar. Wannan ra'ayin Lamarck ne, masanin Faransa da ya rubuta a 1809 cewa abin da jiki ya samu a rayuwa yana wucewa ga 'ya'ya. August Weismann na Jamus ya yanke wutsiyar ɓeraye zuriya biyar a jere a ƙarshen shekarun 1880, kowane ɗan ɓera ya fito da wutsiyarsa cikakkiya. Ba ma sai an je ɗakin gwaji ba: an yi dubban shekaru ana kaciya ana huda kunne, ba a haifi yaro da kaciyarsa saboda ta ubansa ba, ba a haifi yarinya da hudajjen kunne ba. Gaskiya ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma gudun da aka haife ta da shi take bayarwa, tabon da ta samu a daji nata ne ita kaɗai. Cronenberg ya san da haka, har ya sa aka tayar da wannan shakka a cikin fim ɗin. Ya bar abin a matsayin al'ajabi da gangan, don ya zama akwai abin da kowane ɓangare zai yi faɗa a kansa.

Jikin ɗan Adam yana sauyawa, wannan an auna shi a jikin al'ummomin da ke raye yau. Yawancin manya a duniya ba sa narkar da sukarin madara sosai, amma zuriyar makiyaya a arewacin Turai da gabashin Afirka da yankin Larabawa suna iyawa, sauyin da ya yaɗu cikin shekaru ƙasa da 10,000. Mutanen Tibet suna da wani nau'in ƙwayar gado da ke hana jininsu yin kauri a kan tsaunuka masu ƙarancin iska. Mutanen Bajau na Indonesiya, masu nutso a teku, an auna a 2018 aka ga saifarsu ta fi ta maƙwabtansu girma da kusan rabi. Sikila kuma ta nuna farashin abin: wanda ya gaji ƙwaya ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ya gaji biyu yana shan wahalar da kowa ya sani. Ka lura duk waɗannan gyare-gyare ne ƙanana a kan gaɓoɓin da muke da su, sun ɗauki ɗaruruwan zuriya, kuma ba a jikin mutum ɗaya suka faru ba. Wasu sun rayu sun haihu, wasu sun mutu da wuri, a hankali adadi ya karkata. Fim ba zai iya nuna wannan cikin awa ɗaya da minti 47 ba, sai ya tattara shi ya cusa a cikin mutum guda.

Yanzu tambayarka ta biyu. Fiɗa a gaban 'yan kallo ba Cronenberg ya ƙirƙiro ta ba. A Padua ta Italiya akwai ɗakin fiɗar gawa da aka buɗe a 1595, yana nan har yau, an gina shi hawa-hawa a zagaye don kowa ya leƙo teburin da ke tsakiya. A Amsterdam a da ana sayar da tikiti don kallon fiɗar gawar wanda aka yanke wa hukuncin kisa, kuma irin wannan zama ne Rembrandt ya zana a 1632, zanen da ake lissafawa cikin manyan ayyukansa. A 2002 Gunther von Hagens ya fede gawa a Landan a gaban ɗaruruwan mutanen da suka biya kuɗin shiga, duk da gargaɗin hukuma. Masu yi da jikinsu suna raye ma akwai. ORLAN, wata 'yar Faransa, ta sa an yi mata jerin tiyatar fuska a farkon shekarun 1990, idonta biyu, tana karatu, ana watsa hoton kai tsaye zuwa gidajen nune-nune. Stelarc na Ostireliya ya sa an dasa masa siffar kunne a hannunsa na hagu. Idan ka tuna mutumin da ke rawa a fim ɗin, jikinsa duk kunnuwa, an ɗinke masa ido da baki, to ka ga inda aka dosa.

Ni a nawa ra'ayin, yanka kaɗai ba ya zama fasaha, ko da an kunna kiɗa an gayyato manyan mutane. Fim ɗin ma haka yake gani, don ya sa wata mata ta kushe mai kunnuwan nan, ta ce kunnuwan ba sa ji, ado ne kawai. Abin da ya bambanta Saul shi ne shi bai zaɓi abin da ke fitowa daga cikinsa ba, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ciwo bai rabu da su ba. Ba ya iya barci sai a wani gado mai rai-rai da ke juya shi, ba ya iya haɗiye abinci sai a kujerar da ke karkaɗa shi, ita ma ba ta yi masa maganin komai. Caprice tana ganin jarfar da take yi da cirewar da take yi su ne ke ba wa wannan hargitsi ma'ana. Wannan kusa yake da abin da kowane marubuci ko mawaƙi ke yi, ya ɗauko abin da ke cinsa a rai ya ba shi siffa ya miƙa wa jama'a. Da a nan Cronenberg ya tsaya, da fim ne na tsohon mai fasaha da ke yabon sana'arsa.

Bai tsaya nan ba. Ka duba abin da wasan Saul yake yi a aikace. Jikinsa na ƙoƙarin zama wani abu, shi kuma yana yankewa duk lokacin da ya tsiro. Gwamnati na tsoron kada gaɓoɓin nan su wuce ga 'ya'ya har a samu mutanen da ba za a kira su mutane ba, don haka take rajista. Jarfar da Caprice ke yi ita ce kuma alamar da ofishin rajista ke bukata. Mutumin da jama'a ke ɗauka ɗan tawaye ne, aikin hukuma yake yi a kan dandamali, yana kuma yi mata a ɓoye da rahoto. 'Yan kallo suna tafi, suna ganin sun ga ƙarfin hali, alhali abin da suka gani mutum ne da ke tsoron jikinsa ya mai da tsoron sana'a. Ban san wani fim da ya tuhumi fasaha da wannan laifi a fili haka ba, kuma daga bakin mutumin da ya yi fiye da shekara 50 yana nuna jiki na rikiɗewa.

Sai Brecken, wanda shi ne ya hana ni barci. Ka ƙirga masu ba shi suna. Uwarsa ta ƙi kiransa ɗa, ta ce wata halitta ce, ta kashe shi. Ubansa ya ajiye gawar a firji, yana so a fede ta a bainar jama'a don duniya ta ga hujjar aƙidarsa. Caprice ta yarda saboda tana neman aiki mai nauyi. Hukuma ta riga su, ta sa Timlin ta musanya kayan cikin yaron da wasu da aka cika da mummunar jarfa, don idan an buɗe jama'a su ji ƙyama. Aka buɗe, aka ji ƙyamar, uban ya fita yana kuka, aka kashe shi a kan matakala. Yaro ɗaya, kowa ya rubuta abin da yake so a cikinsa, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko cikinsa na ciwo. A nan nake tuna yaron Pakistan mai wasa da wuƙa, da mutumin da ke kwance a zanen Rembrandt wanda ba a nemi izininsa ba, da tagwayen da He Jiankui ya sauya wa ƙwayoyin gado a China a 2018, abin da ya kai shi gidan yari shekara 3. A ɗakin da nake koyarwa, abu na farko da muke faɗa wa sabon ɗalibi shi ne wanda ke kan teburin nan mutum ne, yana da suna, wani ya haife shi. Fim ɗin ya nuna duniyar da aka manta da wannan darasi, kuma ina ganin ƙyamar da ka ji a wannan fitowa ita ce amsar da ta dace.

Ba zan ɓoye maka rauninsa ba. Surutu ya yi yawa. Mutane na tsayawa a ɗakuna masu duhu suna yi wa juna bayanin duniyar da dukansu suke ciki, don mai kallo ya ji. An buɗe maganar gasar kyawun kayan ciki, aka bar ta a hanya. Matan nan biyu masu gyaran na'urori da ke kashe mutane da injin huda, har aka tashi ba a fayyace wa suke yi wa aiki ba. Garin kamar ba mutane, ba ka ganin yadda talaka ke rayuwa a duniyar da ba ciwo. Ga kuma tsiraici da haɗa tiyata da sha'awa, wanda a wurare da dama ya wuce abin da labarin ke bukata. Ba fim ne na yara ba, ba kuma na zaman iyali ba.

Abin yabo kuwa, aikin Carol Spier mai tsara kayan fim ya kai. Gadon da kujerar da na'urar fiɗar duk kamar daga ƙashi da guringuntsi aka yi su, har ka rasa inda jiki ya ƙare inda na'ura ta fara. Ga tsofaffin talabijin da kyamarori, wanda ya sa ba ka iya cewa ga shekarar da ake ciki. Kiɗan Howard Shore yana tafiya a hankali kamar na makoki. Mortensen ya yi wasan da maƙogwaro: kakari, tari, murya a shaƙe, tsugunno cikin baƙar alkyabba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai matsalar haɗiya zai gane cewa ya lura da marasa lafiya da kyau. Wasan Stewart, da maganarta cikin raɗa da sauri kamar wadda ake kora, ya raba kan masu kallo. Ni ya yi mini, domin ita kaɗai ce ke nuna yunwar da ke cin kowa a garin.

Idan za ka sake kallo, ka tsaya a kan minti biyun ƙarshe. Saul na kan kujerar cin abinci, tana ta fizgarsa, abincin ya ƙi wucewa. Ya riga ya gaya wa ɗan sandan ya daina kawo rahoto. Caprice ta miƙo masa sandar nan mai launin shunayya da mutanen Lang ke ci, irin wadda muka ga ta kashe wani mutum nan take a baya. Ba 'yan kallo, ba wuƙa, sai ƙaramar kyamararta. Ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye. Kujerar da ba ta taɓa tsayawa ba tun farkon fim ta yi shiru. Hoton ya koma baƙi da fari, fuskarsa ta cika allo, ido a sama, hawaye ɗaya na gangarowa, irin fuskar da masu sharhi da yawa suka kwatanta da ta jarumar fim ɗin Carl Dreyer na 1928 a kan Joan ta Arc. Wasu na cewa mutuwa yake yi, wasu na cewa karo na farko ke nan da ya ƙoshi. Ni da kujerar nake kafa hujja. An ƙera ta ne don ta riƙa gyara zaman mai fama da haɗiya, kuma ta daina motsi ne saboda ba sauran abin da za ta gyara.